Shekarun Takarda Da Sa Hannun Garanto: Darasi Kan Ƙarya A Fom Ɗin Aikin Gwamnati



Darasin yau ya daɗe a raina ina ɗaga shi, don na san zai taɓa mutanen da nake jin nauyinsu, har da na cikin danginmu. Amma tambayoyi sun yi yawa ta akwatin saƙo, musamman duk lokacin da aka buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda. To bari mu yi shi a fili, kowa ya ɗauki nasa.

A ƙarshen 2023, da aka buɗe ɗaukar kuratan 'yan sanda, wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya shekara da shekaru ya tsaya bayan Asuba har jama'a suka watse. Ya zaro wasu takardu cikin leda daga aljihun riga, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, yaron wajena ne ya cike aikin ɗan sanda. Saura sa hannun garanto. Na san kuna ɗasawa da wane, in ka yi mashi magana ba zai ƙi ba." Wanen da yake nufi babban ma'aikaci ne, matakinsa ya kai na waɗanda ake karɓar sa hannunsu.

Na haska takardun da fitilar waya. An rubuta cewa an haifi yaron a 2000. Ni kuwa ina wurin sunansa. Shekarar sanƙarau ce, 1996, ba zan manta ba don a makon ne muka kwana asibiti da wata ƙanwata. Ƙa'idar aikin daga shekara 18 ce zuwa 25, yaro kuma yana da 27.

Na ce, "Alhaji, wannan shekarar fa?"

Ya yi murmushi. "Ai Malam shekarun takarda ne. Kowa haka yake yi. Mai shagon intanet ɗin ma shi ya ce a gyara. An je kotu an yi rantsuwa, komai ya zama daidai."

Shekarun takarda. Ku lura da wannan suna da muka raɗa wa abin. Mutumin nan ba zai taɓa yi maka ƙaryar farashin buhun masara ba. In ka ce masa maƙaryaci sai an kai ku gaban mai unguwa. Amma ya raka ɗansa kotu ya rantse a kan ranar haihuwar da su biyun sun san ba ita ba ce, ya dawo ya yi sallar Azahar hankalinsa kwance. Me ya sa? Saboda mun raba gaskiya gida biyu: akwai wadda ake faɗa wa mutane, akwai wadda ake rubuta wa gwamnati. Ta biyun muna ganin ba ta da mai ita, don gwamnati ba ta da fuska, ba ta zuwa jana'izarmu, ba ma haɗuwa da ita a kasuwa.

A Suratul Hajji, aya ta 30, Allah Ya haɗa hani guda biyu a wuri ɗaya: nisantar ƙazantar gumaka da nisantar zancen zur. Malaman tafsiri sun tsaya a kan wannan haɗi, don ba a ajiye ƙaramin abu kusa da shirka. A hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) yana lissafa mafi girman zunubai yana kishingiɗe. Ya ambaci shirka, ya ambaci saɓa wa iyaye. Da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. Babu inda aka ce sai in da baki aka furta. Fiƙihu ya daɗe da ɗaukar rubutu a matsayin magana, shi ya sa saki yake aukuwa da takarda, bashi yake tabbata da takarda. Kuma a ƙasan kusan kowane fom akwai layin da mai cikewa yake cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne, ya yarda a hukunta shi in aka samu akasin haka. Yawancinmu ba ma karanta layin. Mai shago ne yake danna shi a madadinmu.

Wani zai ce, Malam, ai akwai wuraren da aka yi rangwame a kan ƙarya. Haka ne. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba ya kawo uku: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata don gyara zamansu. Ku duba da kyau, neman aiki ba ya ciki.

Yanzu mu zo kan maganar cewa ba a cuci kowa ba. Wannan ita ce ƙaryar da ke ƙarƙashin ƙaryar. Idan gwamnati ta ce za ta ɗauki kurata 10,000, ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 ne. Raba ka gani, kowace ba ta cika mutum 13 ba. A zagayen da nake ba ku labari, waɗanda suka nema sun haura rabin miliyan. Ke nan gurbin Ƙanƙara ɗan kaɗan ne, na Faskari ɗan kaɗan, na Sabuwa ɗan kaɗan. Duk wanda ya shiga da ragin shekaru, akwai wani yaro mai shekara 21 na gaskiya, wataƙila maraya daga 'Yargoje ko Daudawa ko Damari, da aka ce masa ya koma gida. Ba ka san sunansa ba, shi ma bai san naka ba. Amma akwai ranar da za a gabatar da ku ga juna.

Haka zancen takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ne ya ce a raba muƙamai yadda kowane yanki zai samu wakilci, akwai ma hukuma sukutum da aka kafa tun 1996 don wannan. Ko kana son tsarin ko ba ka so, a kansa ake rabo. Mu da muke kuka cewa 'ya'yan manya daga birni suna zuwa su karɓi takardar garuruwanmu su cinye mana gurbi, alhali ko hanyar garin ba su sani ba, da wane baki za mu yi kukan idan namu ma suna zuwa wata jiha su ce can aka haifi kakansu? Wani har sunan uba yake canzawa don ya yi amfani da sakamakon jarrabawar ɗan baffansa. Wannan kuma ya fi muni. Suratul Ahzab, aya ta 5, ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa, kuma a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas an yi wa wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa da saninsa barazanar haramcin Aljanna. Na san niyyarsa ba ta kore uban ba ce, kiredit ɗin Turanci da Lissafi yake nema. Amma ku dubi bakin ramin da ya je ya tsaya saboda kiredit biyu.

Abin kan ba ni dariya wani lokaci, dariyar da ta fi kuka ciwo. A gida ɗaya za ka tarar wa ya zama ƙanen ƙanensa a takarda. Wani in ka lissafa, yana ɗan shekara biyar ya gama firamare. Wani ma'aikacin furfura ta gama cinye kansa, jikokinsa sun shiga sakandare, amma fayil ya ce saura masa shekara takwas. Dokar aikin gwamnati ta ce ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa, malaman makaranta kuma dokar 2022 ta ƙara masu zuwa 65 da 40. Wanda ya rage biyar ya zauna a kujera shekara biyar bayan wa'adinsa. Na ƙasa da shi bai samu ƙarin girma ba, wanda ya gama karatu bai samu gurbi ba.

To duk wannan a aikin ofis ne. Inda na fi so mu daɗe shi ne aikin da ake miƙa wa mutum bindiga.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana bayanin mene ne tsaro ba. Daren 11 ga Disamba 2020 aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara aka kwashi ɗalibai, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. A Satumbar 2021 aka katse mana layukan waya, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan uwansa. Kuma babban dalilin katsewar kowa ya san shi: infoma. Wanda ke zaune cikinmu, yana cin tuwo da mu, yana sanar da na daji wa ya sayar da shanu, wace hanya jami'ai suka bi. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, matasa kusan 1,500 a rukunin farko, daga ƙananan hukumomin da ke bakin daga, ciki har da namu ukun nan. Hikimar ɗaukar ɗan gari ita ce an san shi, an san gidansu, an san wanda zai tsaya masa.

To wa ya san shi? Jami'in da ke zaune a Abuja ko Katsina yana duba takardu bai taɓa ganin yaron ba. Bai san ko yana shaye-shaye ba. Bai san ko an taɓa kama shi da babur ɗin sata aka kashe maganar a zaure ba. Bai san ko shi ne ake raɗe-raɗin yana kai fetur da burodi daji ba. Abin da ke gabansa fom ne da sa hannu. Shi ya sa 'yan sanda suka iyakance waɗanda za su tsaya wa mai nema: basarake, alƙalin majistare, shugaban ƙaramar hukuma, shugaban makarantar da ya yi, ma'aikaci daga mataki na 12 zuwa sama, ko babban jami'in ɗan sanda ko na soja. Ana ɗauka cewa irin waɗannan suna da mutuncin da ba za su zubar a banza ba. Wannan sa hannun shi ne ƙyauren da ke tsakanin ma'ajiyar makamai da ƙauyenku. Mu kuma mun mai da shi alfarma, kamar aron tabarma ranar suna.

A fiƙihu sunan wannan aiki tazkiyya, wato ka tsaya ka ce wane mutumin kirki ne, a karɓi maganarsa. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kanta, suka ce ba mai yin ta sai wanda ya daɗe yana cuɗanya da mutum, mai wayon da ba a ruɗa shi da gani. Baihaƙi ya kawo labarin wani da ya zo gaban Sayyidina Umar zai tsaya wa wani mai ba da shaida. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa. Ya ce a'a. Ko sun taɓa yin tafiya tare. A'a. Ko sun taɓa yin hulɗar kuɗi. A'a. Sai Umar ya nuna masa cewa ganin mutum a masallaci yana ɗaga kai yana sunkuyarwa bai isa sani ba, ya sallame shi. Ranka ya daɗe mai sa hannu, Yallaɓai darakta, Malam hedimasta, ku auna kanku da tambayoyi ukun nan. Fom nawa kuka sa wa hannu a kan bayan mota, ko fuskar yaron ba ku gani ba, don kawai wanda ya kawo takardar abokin siyasa ne?

Idan yaron nan ya samu kaki ya sayar da harsashi, ko ya harbe ɗan mutane a shingen bincike yana cikin maye, hukuma za ta iya nemanka, za ta iya mantawa da kai. Amma kai ne ka ce ka san shi.

Kuma kada a ɗauka matsalar ta ƙananan mutane ce kawai. A watan Yunin 2024 rundunar 'yan sanda da kanta ta fito ta ƙi amincewa da jerin sunayen kuratan da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta fitar, tana zargin akwai sunayen waɗanda ba su ma nemi aikin ba da waɗanda suka faɗi gwaji. Hukumar ta musanta, aka yi ta ja-in-ja kafin a daidaita. Ban kawo wannan don in yanke wa wani hukunci ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa in ƙofar shiga ta lalace, hatta masu gidan ba sa yarda da juna.

Akwai kuma ɓoye ciwo, wanda iyaye mata suka fi faɗawa ciki saboda tausayi. Yaro yana da farfaɗiya, ko asma, ko ciwon zuciya, a nemo takardar asibiti a ce lafiyarsa lau. Hajiya, horon kurtu a difo na Zariya watanni ne na gudu da rana da rashin barci. Tambayar lafiyar nan don ɗanki aka sa ta, da kuma abokin aikinsa da zai dogara da shi ranar da aka yi masu kwanton ɓauna. Abu Zarri ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami, kamar yadda Muslim ya ruwaito, sai ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuma amana ne da ke zama nadama ranar ƙiyama. Abu Zarri fa, wanda aka yi wa shaidar gaskiyar harshe. Ba a raina imaninsa ba, an dai ce wannan kaya ba na wuyansa ba ne. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana siffa biyu ta ambata wa mahaifinta game da wanda ya dace a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Duk tambayoyin fom ɗin tsaro, in ka tattara su, waɗannan biyun suke nema. Tsayi da faɗin ƙirji da gwajin jini suna neman ƙarfi. Tambayar ko an taɓa ɗaure ka, ko kana ƙungiyar asiri, ko bashi ya yi maka katutu, suna neman amana. Wanda ya yi ƙarya a amsar ya riga ya faɗi jarrabawa ta biyu tun kafin a duba.

A Amurka, mai neman izinin ganin sirrin gwamnati yana cike wani fom mai suna SF-86, ya fi shafi 100, kuma ƙarya a cikinsa laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Abin da ya ja hankalina shi ne, sau da yawa sukan yafe tsohon laifin da mutum ya bayyana da kansa, amma ba sa yafe wanda ya ɓoye. Dalilinsu: mai ɓoyayyen abu yana da igiya a wuya, duk wanda ya gano sirrin zai iya jan sa. Ku kawo wannan gida. Jami'in da ya shiga da takardar bogi, wanda ya buga masa ita ya sani, wanda ya karɓi kuɗi ya sani. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya ce a saki wane da aka kama, yana da bakin cewa a'a?

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, ko a nan duniya. A 1999 an zaɓi Salisu Buhari daga Kano Shugaban Majalisar Wakilai, mutum na huɗu a ƙasa. Mujallar TheNews ta bankaɗo cewa a 1970 aka haife shi, ba 1963 ba, lokacin da tsarin mulki ya ce sai mai shekara 30 zai shiga majalisar, kuma Jami'ar Toronto ta ce ba ta ba shi digiri ba. Bai cika wata biyu a kujerar ba ya sauka yana hawaye, ya amsa laifinsa, ya nemi gafarar 'yan ƙasa, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. Na ambace shi ne don abu ne da ya faru a bainar jama'a, kuma amsa laifin da ya yi ya fi abin da da yawa suka iya. A Satumbar 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki kan takardar yafe bautar ƙasa da aka gano ta bogi ce, ita kuma ta ce wasu ta amince wa suka samo mata, ba ta sani ba. Wannan ma darasi ne ga masu miƙa wa mai shago komai su ce ya cike yadda ya ga dama. A Bayelsa kuwa, ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon saboda takardun mataimakinsa, ba nasa ba. Takardar wani ta kayar da wani. Sai kuma a Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, gwamnati ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo a farkon Janairun 2024. Mutane nawa ne suka kwana ba barci a wannan makon? A dokar Penal Code ta Arewa, hukuncin ƙirƙirar takardar bogi yana kaiwa shekara 14. Littattafan fiƙihu ma suna kawo cewa Sayyidina Umar ya yi wa wanda ya sassaƙa hatimi irin na baitulmali bulala ya kuma tsare shi.

Yanzu bari in tsaya wa matasa, don ba adalci ba ne in yi ta faɗa ban faɗi nasu uzurin ba. Yaro ya shiga jami'a, yajin aikin malamai ya ci masa wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022. A nan yankin an rufe makarantu, wasu iyalan sun yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina, karatu ya tsaya cak. Ya gama da ƙyar, sai a ce shekarunsa sun wuce, ko bautar ƙasa ba zai je ba don ya haura 30. Ɗan mai kuɗi kuwa ya gama a jami'ar kuɗi yana 21. Wallahi akwai rashin adalci a nan, kuma ina tare da ku. Majalisar Dattawa ma a Yulin 2023 ta yi kira a daina sa iyakar shekaru a tallan aiki. Muna da ɗan majalisar tarayya na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, muna da na jiha. A matsa masu su nemi a yi wa yankunan da rikici ya ci rangwamen shekaru a bayyane, da doka, kowa ya amfana. Wannan hanya ce. Amma wanda kake ture wa a layi da ragin shekaru ba shi ya zalunce ka ba, talaka ne irinka. Kuma lalurar da ke halatta haram ita ce wadda in ba a yi ba rai ko gaɓa za ta salwanta, babu wata mafita. Rashin aikin gwamnati ƙunci ne, na yarda, amma bai kai nan ba.

Sai tambayoyin da aka fi turo mini.

Wanda bai san ranar haihuwarsa ba fa? Da yawanmu a gida aka haife mu, ba wanda ya rubuta. Wannan ba maƙaryaci ba ne. Ya tambayi iyaye da dattawa, a kirdada da abin da ya faru: shekarar canjin kuɗi ta 1984, rasuwar Abacha a 1998, husufin ranar da ya rufe ƙasar Katsina a Maris ɗin 2006, rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Abin da ya fi rinjaye a zatonsa shi zai rubuta, ya tsaya a kansa a kowace takarda. Sharaɗin kawai shi ne kirdadon ya bi gaskiya, kada ya bi tallan aikin. Ku kuma masu haihuwa yanzu, ku je ku yi wa yara rajista a Hukumar Ƙidaya tun suna jarirai, ku raba su da wannan wahala.

Wanda aka ƙone gidansu takardu suka tafi? Ya kai rahoto wurin 'yan sanda, ya yi rantsuwar ɓata a kotu, ya nemi hukumar jarrabawar ta tabbatar da sakamakonsa. Rantsuwa a kan gaskiya ba laifi ba ce. Haka wanda aka rubuta masa Muhammad a wata takarda, Mamman a wata, ya bi hanyar gyara tun kafin ranar tantancewa.

Mai wuyar ita ce ta wanda ya riga ya shiga, ya yi shekara goma, yana da mata da 'ya'ya, yanzu zuciyarsa ta farka. Albashinsa fa? A nan sai a rarrabe. Wanda yake aikin da bai iya ba da takardar da bai mallaka ba, kamar mai duba marasa lafiya da satifiket ɗin saye, wannan babu wani zance, ya bar aikin yau, don kowace rana sabon laifi ne a kan rayukan mutane. Wanda kuwa ya iya aikin yana kuma yin sa yadda ya kamata, malamai sun saɓa. Shaikh Ibn Baz yana cikin masu ganin ya tuba tuba na gaskiya, albashin kuma ladan aikin da ya yi ne. Wasu sun tsananta, suka ce abin da aka gina a kan ɓarna sai an rushe shi. Abin da na fi natsuwa da shi: abin da ya wuce tuba tana shafe shi in sha Allah, amma tuba ba ta haɗuwa da ci gaba da cin ribar ƙaryar. Wanda ya rage shekaru, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya ajiye aiki ranar da shekarunsa na gaskiya suka cika, ko fayil ya ce saura biyar. In akwai hanyar gyara bayanan, ya bi ta. Kada kuma ya sake rantsuwa a kan tsohuwar ƙaryar duk lokacin da aka zo tantance ma'aikata. Na san abin da nake faɗa yana da tsada. Ka'abu bin Malik, da aka dawo daga Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, yana da bakin da zai tsara uzuri a karɓa kamar yadda aka karɓi na mutum tamanin da wani abu. Ya faɗi gaskiya, aka ƙaurace masa kwana 50, ko sallamarsa ba a amsawa, sannan aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubarsa shi da abokansa biyu. Mai hali irin wannan ya samu malamin da ya yarda da shi su zauna, don kowane fayil da nasa bayani, ba a yanke shi a sharhin Facebook.

Ku kuma masu shagunan cike fom, ku ne kuka fi kowa sanin yawan abin nan. Kuɗin cikewa halal ne. Kuɗin "bari in gyara maka" kuwa, kun san amsar.

Dattijon nan, na mayar masa da takardunsa a wannan safiya. Na ce, "Alhaji, ka yi mini aikin gafara. Ina wurin sunan yaron nan, na ci naman ragonsa. Ba zan iya kai wa wane takardar da na san abin da ke cikinta ba." Ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce, "Malam, shekara uku yana zaune gida. Gonar ma ba ta zuwuwa." Ban sami abin ce masa ba, don gaskiya ya faɗa. Ya naɗe ledarsa ya fita. Na ji daga baya sun sami wani ya sa hannun. Ko yaron ya samu ko bai samu ba, ban tambaya ba, shi ma bai gaya mini ba. Muna gaisawa har yanzu, amma ya koma ɗaya gefen sahu.

Darasi mai zuwa in sha Allah za mu duba masu sayen gurbin aiki da kuɗi, da hukuncin wanda ya sayar da gona ya biya aka cinye. Mai tambaya a kai ya turo tun yanzu, ba sai ya sa sunansa ba.

Wallahu a'alam.